Ƙanjamau, doka da rufin asiri: Abubuwan da ya kamata ka sani

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ta Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, zai lura da abu guda: babu daji. Gona na jingine da gona, darnin wannan gida na kallon na wancan, kuka da ɗorawa da gawo kowacce da mai ita. Jama'a ta yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, kowa ya san akuyar kowa. A irin wannan wuri, idan magidanci ya hau babur da sassafe ya nufi babban asibiti, kafin ya dawo an riga an shiga gidansa an tambayi matarsa, "Yaya mai jiki?"

Wannan zumunci ne, kuma shi ke riƙe da karkara. Amma akwai ciwon da yawan ido ke hana a nemi maganinsa. Ƙanjamau da ma abin ɓoyewa ce. Idan kuma mai ɗauke da ita ɗan daudu ne, ko namijin da ke neman maza, tsoronsa ya zama biyu: na cutar, da na tambayar da za ta biyo baya, "A ina ka samo ta?" Na san maganar ba ta da daɗin ji, kuma da yawa sun fi so a bar ta a rufe. Sai dai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Su wa ake magana a kansu?

Takardun hukumomin lafiya suna da wani rukuni da suke kira mutanen da cutar ta fi yi wa barazana: mata masu zaman kansu, masu ɗura wa kansu ƙwaya da allura, fursunoni, maza masu kwanciya da maza, da waɗanda aka haifa a jinsi ɗaya suke rayuwa a ɗayan. Bahaushe bai jira takardar kowa ba, yana da sunayensa tun tuni. Matsalar ita ce yakan zuba su duka a ƙwarya ɗaya.

Ɗan daudu namiji ne da ya ɗauki magana da rangwaɗa da sana'ar mata. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye ya san rumfarsu: tukwane a jere, shinkafa da miya, soyayyar kaza, dafaffen ƙwai, da habaicin da ke sa masu jiran kwano dariya. A da su ne 'yan aike a gidajen mata masu zaman kansu, suna kuma da gindin zama a wasan bori. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Haka nan mafi yawan masu neman maza ba 'yan daudu ba ne. Babu wata alama a tafiyarsu ko a muryarsu: ɗan kasuwa ne, direba ne, ɗalibi ne, manomi ne. A junansu sukan ce "masu harka". Wani masanin harshe ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Abin da ya tarar shi ne mutane ne da ke ɗaukar kansu Musulmi, suna salla suna azumi, kuma mafi yawansu na ganin aure da haihuwa abin da ba makawa.

Mata-maza kuwa halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, har littattafan fiƙihu sun yi bayanin rabonsa a gado. Amma shi ma yakan sha kallo da raɗa a asibiti. Su kuma 'yan maɗigo, da wuya cutar ta bi ta tsakanin mace da mace. Inda ta fi samunsu shi ne ta hannun namiji, a aure ko ta fyaɗe.

Me alƙaluma suka nuna?

Babban binciken gida-gida da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasar gaba ɗaya. Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci, da kashi 0.6. A jihar Kano ma ba a kai mutum 1 cikin 100 ba. Wannan abin godiya ne.

Amma akwai wani binciken da gwamnatin tarayya ke maimaitawa a kan waɗancan rukunonin kaɗai, shi kuma labarinsa daban. A tsakanin maza masu neman maza, an samu kashi 13.5 a 2007, kashi 17.2 a 2010, kashi 22.9 a 2014, sannan kashi 25 a 2020. Mutum 1 cikin 4 ke nan. Kano na cikin jihohi uku da aka fara auna wannan rukuni a 2007, tare da Legas da Kuros Riba, kuma tun a lokacin an samu kusan 1 cikin 10. A birane aka yi waɗannan gwaje-gwaje, amma mutumin birnin Kano rabinsa ɗan ƙauye ne da ya zo nema.

Abin lura yana cikin kwatance. A tsakanin matan da ke zaune a gidajen karuwai, adadin ya sauko daga kashi 37 a 2007 zuwa kashi 19 a 2014. Su an san inda suke. Ma'aikacin lafiya zai iya sallama da magajiya, a shimfiɗa tabarma, a yi gwaji, a raba kwaroron roba. Waɗanda ba wanda ya isa ya tara su wuri guda, nasu adadin ne ya yi ta hawa.

Akwai dalili na jiki ma. Fatar cikin dubura siririya ce, tana saurin tsagewa, don haka hatsarin kamuwa ta nan ya ninka na saduwa ta gaba kusan sau 18. Ga kuma rashin sani: shekara da shekaru faɗakarwar rediyo a kan "matan banza" take, har wasu samari suka ɗauka cewa daga mace kaɗai ake ɗaukar cutar.

Me ya kawo matar gida cikin maganar?

Cin rani. Da an gama girbi an ɗaure dawa an kai rumbu, matasan Makoda, Gabasawa, Bagwai da Minjibir sukan watse: wasu Kano, wasu Abuja, Legas ko Fatakwal. Acaɓa, gadi, ga-ruwa, yankan farce, dako. Wata biyar ko shida suna kwana mutum goma a shago ɗaya ko a kango. Wani abin da ke faruwa a can son rai ne, wani kuwa talauci ne: yaro ɗan shekara 18 da babban mutum ya saya wa waya ya biya masa kuɗin ɗaki. Idan hadari ya fara haɗowa sai a dawo gida shuka.

A ƙasar Hausa kuwa namiji ba ya zama ba aure. Ko me yake yi a ɓoye, lokaci na zuwa iyaye za su nema masa mata, wataƙila ma ya ƙara ta biyu. Idan yana ɗauke da cutar bai sani ba, ko ya sani yana tsoron karɓar magani, matar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba ita ce za ta ji labari ranar awo. Idan ba ta je awon ba, kamar yadda matan karkara da yawa ke haihuwa a gida hannun ungozoma, jariri ne zai gada. Uwar da ba ta shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke kamuwa, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani, adadin na sauka ƙasa da 5.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV, ciwon hanta, tunjere da rukunin jinin sikila kafin a ɗaura aure a Kano. Ita kanta Hisba tun auren zawarawa na 2012 take sa a gwada angwaye da amare. Mataki ne mai amfani, amma ƙofar shiga kawai yake tsarewa. Abin da ya shigo gidan bayan shekara uku da biki, babu takardar da ke kama shi, sai mutum ya kai kansa gwaji da ƙafarsa.

Me doka ta ce?

Mutumin Kano yana ƙarƙashin dokoki hawa uku a wannan batu.

Na farko tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, sashe na 405 kuma ya lissafa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza.

Na biyu dokokin Shari'a na jiha, da suka fara aiki a 2000. Hukuncin luwaɗi a ciki bulala 100 ne da ɗaurin shekara ga wanda bai taɓa aure ba, jifa ga wanda ya taɓa. A shekarar ce kuma aka yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta sa ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 10,000 ga namijin da ke kwaikwayon mata. Wannan ce ta tarwatsa 'yan daudu da yawa daga unguwannin da aka san su. Kotuna sun yanke hukuncin jifa jefi-jefi, kamar na mutum uku a Ningi ta jihar Bauchi a 2022, amma tun da jihohi 12 suka ƙaddamar da Shari'a ba a jefe kowa ba.

Na uku dokar tarayya ta hana auren jinsi, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Sunanta aure, amma ta wuce nan. Shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiyar masu neman jinsi, ya gudanar da ita, ya shiga, ko ya mara mata baya, ko ya taimaki taronta. Wannan kalma ta "mara baya" ita ce ta tayar da hankalin ma'aikatan lafiya. Idan ka tara samari goma a ɗaki kana koya musu yadda za su kare kansu, taron lafiya ka yi ko taron ƙungiya?

Doka a kotu, doka a titi

Abin mamaki, da ƙyar dokar 2014 ke isa gaban alƙali. Shari'ar da ta fi yin suna ita ce ta mutum 47 da aka kama a wani otal a Legas a 2018, kuma a Oktoban 2020 Babbar Kotun Tarayya ta kore ta saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. Aikin da dokar ta fi yi a waje take yinsa. Makonni kaɗan da sa mata hannu, mutane suka yi ta jifan kotun Shari'a a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A Fabrairun shekarar aka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja ana fito da samari ana duka. An kama mutum 53 a Zariya a 2017, Hisba ta kama 19 a Kano a Disamban 2022, jami'an Sibil Difens suka kama 76 a Gombe a Oktoban 2023, duk bisa zargin bikin auren jinsi. Sau da yawa ana nuna fuskokinsu ga 'yan jarida tun kafin a je kotu. Ko an sake mutum daga baya, ina zai koma?

Sai kuma sana'ar da ta tsiro a gefe: tatsa. A yaudari mutum ta Facebook ko WhatsApp, ya zo, a rufe ƙofa, a ɗauki hotonsa, a ƙwace waya, a ce ya turo kuɗi ko a aika wa matarsa da limamin unguwarsu. Fashi ne tsagwaronsa, amma wanda aka yi wa ba ya iya kai ƙara.

An auna abin da wannan yanayi ke yi wa lafiya. A wani asibiti a Abuja ana bin diddigin maza kusan 700 tun 2013, sai dokar ta faɗo a tsakiyar aikin. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet HIV ta buga a 2015 ya nuna masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38, waɗanda suka ƙaurace masa kuma daga kashi 20 zuwa 28. Wani nazarin na 2023 a ƙasashen Afirka 10 ya tarar cutar ta fi yawa kusan ninki biyar a tsakanin irin waɗannan maza a ƙasashen da ke hukunta su. Senegal, ƙasar Musulmi irin tamu, ta ga hakan da idonta: da aka kama ma'aikatan faɗakarwa tara a Dakar a ƙarshen 2008, ayyukan rigakafi suka tsaya, masu karɓar magani suka ɓuya, duk da cewa kotun ɗaukaka ƙara ta sake mutanen bayan 'yan watanni.

To, zuwa asibiti laifi ne?

A'a. Babu doka ko ɗaya a cikin ukun nan da ta hana a gwada mutum ko a ba shi magani, kuma babu wadda ta ɗora wa likita kai rahoton abin da baligi ya faɗa masa game da kwanciyarsa. Hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, ta fitar da sanarwa tun a Janairun 2014 cewa dokar hana auren jinsi ba ta taɓa ayyukan rigakafi da magani ba. Tsare-tsaren hukumar ma sun ambaci waɗannan rukunoni da suna a matsayin waɗanda dole a kai gare su. Wato gwamnati ɗaya ce, hannun dama na kamawa, na hagu na miƙa magani.

A shekarar 2014 ɗin nan dai aka yi wasu dokoki biyu da ba a cika jin labarinsu ba. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta, ko hana shi kulawa, saboda yana ɗauke da cutar, ta kuma haramta bayyana sakamakonsa ba da yardarsa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta ce duk abin da ya shafi ciwon mutum da zuwansa asibiti sirri ne, ta kuma hana a mayar da mai buƙatar taimakon gaggawa. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin mutunci a sashe na 34, da na sirri a sashe na 37, sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ba ta ware kowa ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka ma, a ƙudurinta mai lamba 275 na 2014, ta nemi ƙasashe su hana duka da kisa da kamun zalunci a kan wanda ake zargi da neman jinsi, ko zargin gaskiya ne ko ƙarya.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ta shafi kowa. Zargi ba ya buƙatar hujja kafin ya kashe aure ko ya rufe shago. Rigimar gona ko ta gado ta isa wani ya jefa kalmar.

Ina addini ya tsaya?

Malamanmu ba su da saɓani a kan haramcin luwaɗi, kuma babu mai karatun wannan da ke buƙatar a tuna masa. Abin da aka fi mantawa shi ne sauran babin. A mazhabar Malikiyya ba a tabbatar da laifin sai da shaidu huɗu adilai da suka gani da ido, ko iƙirarin mai shi, wanda kuma yana iya janyewa. Wanda ya jefi wani da zargin bai kawo shaidu ba, shi ne ke shan bulala 80 ta ƙazafi. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini. Hukunci kuma na alƙali ne. Taron matasa da gora da fetur ba kotu ba ne a kowane littafi.

Ban kuma taɓa jin malamin da ya ce a hana mai saɓo magani ba. Direban da ya sha ƙwaya ya faɗa rami, ana ɗinke shi a ɗakin gaggawa. Ɓarawon da aka harba, ana cire masa harsashi. A ganina mutum zai iya riƙe aƙidarsa daram, ya kuma yarda cewa wanda ke zaune gaban malamin asibiti majinyaci ne, ɗan wani ne, wataƙila mijin 'yar'uwarsa ne. Rufin asiri da Bahaushe ke roƙo kullum a addu'a, shi ne dai abin da dokar lafiya ta rubuta da Turanci.

Ranar karɓar magani

Na taɓa raka wani ɗan'uwa wani babban asibiti a yankin nan, muna zaune a benci muna jiran kati. Sai wani ma'aikaci ya leƙo ya ɗaga murya: "Masu karɓar maganin wata-wata, ku zagaya ɗakin baya!" Mutum biyar suka miƙe. Duk wanda ke barandar ya bi su da ido har suka sha kwana. A cikinsu akwai wani dattijo mai lalle a hannu, da ɗan gyale a kafaɗa. Matar da ke kusa da ni ta taɓe baki ta ce, "Allah ya shirya." Ma'aikacin bai zagi kowa ba, bai ambaci sunan cuta ba. Amma kafin la'asar labari ya isa ƙauyuka biyar.

Daga baya na ga dattijon a bakin tagar magani. Wata malamar jinya ta rage murya ta ce, "Baba, matso kusa. Ka kawo ledarka?" Ta juye ƙwayoyin daga robarsu zuwa farar leda, ta ƙulle, ta miƙa masa kamar mai ba da goro. Sai a lokacin na fahimci dalili: robar tana ƙara a aljihu, kuma an san kamanninta. Wasu cusa mata auduga suke yi, wasu su juye a robar maganin ciwon kai, wasu su ɓoye a cikin rumbu ko a saman azara, su sha a tsaye bayan kowa ya kwanta.

Shi ya sa mutumin da ke da asibiti a bakin garinsu zai tsallake shi ya tafi Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Zana ko na Murtala, inda ba wanda ya san kakansa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, ga yinin da za a rasa a gona. Da damina ta kankama sai a tsallake wata ɗaya, sai biyu. Haka cutar ke samun sararin farfaɗowa ta kuma koyi jure wa magani. Dabarar da ta fi taimakon irin waɗannan ita ce ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda ga wanda jikinsa ya daidaita, da kuma ƙananan cibiyoyi a birane inda ake gwaji da magani da shawara a ɗaki ɗaya, mutanen rukunin da kansu ne ke jawo 'yan'uwansu. A karkara irin wannan cibiya ba ta ɓoyuwa. Abin da ke aiki a can shi ne ma'aikaci mai riƙe bakinsa, da layin da bai bambanta mai hawan jini da mai HIV ba.

Maganin yau ba na jiya ba ne

Lokacin da aka fara samun cutar a Nijeriya a 1986, da shekarun da ake kiranta "kabari kusa", sunan ya dace. Yanzu ba haka ba ne. Tun 2006 gwamnati ke ba da maganin kyauta, kuma a yau ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ta warkarwa, amma tana danne ƙwayar cutar har awo ya kasa ganinta, yawanci cikin wata shida. Wanda ya kai wannan matsayi ya kuma ci gaba da sha, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. An gwada hakan a kan ɗaruruwan ma'aurata maza a Turai, an ƙirga saduwa fiye da 76,000 ba kariya, ba a samu kamuwa ko ɗaya daga abokin zama ba. An buga sakamakon a 2019. Ma'anarsa a gidan Bahaushe ita ce, magidancin da ke shan maganinsa yana kare matansa, ko da bai taɓa iya buɗe baki ya faɗi yadda aka yi ba.

Akwai maganin rigakafi da marar cutar ke sha kullum idan yana cikin hatsari. Akwai na gaggawa, da ake farawa cikin awa 72 bayan fyaɗe ko tsautsayi a sha kwana 28. Iyayen yaran da aka lalata, maza da mata, da malaman tsangaya, ya kamata su riƙe wannan adadi, domin kwanakin da ake ɓatawa ana sulhu a zauren mai unguwa su ne kwanakin maganin. Akwai kuma abin gwajin kai, da ake goga wa dasashi a jira minti 20, sai dai idan ya nuna alama dole a je a tabbatar a asibiti. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi ta lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara. Ga mai ɓoye roba a rumbu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wa ke biyan kuɗin?

Mafi yawa baƙi. Shirin PEPFAR da Shugaban Amurka George Bush ya kafa a 2003 ya zuba fiye da dala biliyan 6 a Nijeriya, sai Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da maleriya. Wannan dogaro ya jawo zargi, kuma Bakano na da dalilinsa na yin ɗari-ɗari: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 bai goge ba, shi ne ma ya ƙara wa ƙin allurar shan inna na 2003 ƙarfi. Lokacin ce-ce-ku-cen Yulin 2024 a kan yarjejeniyar Samoa, wadda aka zarga da mara wa masu neman jinsi baya, an wayi gari ana kallon ƙungiyoyin lafiya da na mata a Kano da idon tuhuma, har gwamnati ta ce a bincike su. Mai raba kwaroron roba da mai tallar aƙida sun zama ɗaya a idon jama'a, kuma mai jinya ne ya biya kuɗin wannan ruɗani.

Sai kuma 20 ga Janairun 2025, ranar da Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje. An sassauta daga baya don maganin masu ɗauke da cutar ya ci gaba, amma aka taƙaita maganin rigakafi ga masu ciki da masu shayarwa, aka kuma rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a Yulin shekarar. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Wannan kuɗi ƙwaya yake saye. Abin da ya fara tsayawa shi ne alawus ɗin masu bibiya, waɗanda ke da lambar wayar wanda bai zo karɓar maganinsa ba, su kira shi da dare su ce, "Yaya, kwana biyu. Saƙonka na nan a ajiye."

Nauyin yanzu yana komawa kan hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha, KSACA, da manyan asibitocin Bichi, Dambatta, Gezawa da Dawakin Tofa, da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu, inda mai rubuta kati yakan kasance ɗan garin, wani lokaci ma surukin wanda ke tsaye a gabansa.